Daga Fagge Zuwa Bintabil

Tun da na dawo daga Ghana ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kayan miyan bakin layinmu sai da ya tsayar da ni ya ji ko gaskiya ne a can ma ana cin tuwo. Na ba da labarin guntu-guntu har na fara ƙara masa gishiri ba da sanina ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Binta. A Fagge aka haife ni, a nan nake aure, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Sabon Gari. Tafiyar ta faɗo a dogon hutun shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula. An gayyaci malaman Turanci na ƙasashen yankinmu taron ƙara wa juna sani na mako guda, a wata kwalejin malamai da ke bayan garin Ankara. Ankara ta Ghana nake nufi, ba ta Turkiyya ba. Makarantarmu ta sami gurbi biyu, aka zaɓe ni da Misis Laraba, 'yar Wusasa ta Zariya, wadda teburinta ke manne da nawa kuma ba ta da aikin da ya wuce tsokanata. Ita ce ta fito da maganar cewa an koma mulkin farar hula a ko'ina a Nijeriya ban da aji uku, don can har yanzu Janar Binta ce ke riƙe da ƙasa.

Ba ƙarya ta yi ba. Ina da wani ɗan katako mai igiya da muke kira allon banakula. Banakula ita ce duk maganar da ba Turanci ba. Yarinyar da aka ji ta yi Hausa ko Yarbanci ko Igbo a aji sai a rataya mata shi a wuya, ita kuma ta kasa kunne ta kama wata ta sauke mata. Wadda aka tashi yana wuyanta ita ce mai shara. Haka aka yi mini ina ƙarama, haka ni ma na yi, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Wadda ta fi kowa shan allon nan ita ce Sikira. Iyayenta Yarabawa ne Musulmi, layi biyu ne tsakaninmu a Fagge, uwarta tana sayar da kwanuka da robobi a Kasuwar Sabon Gari. A nan aka haifi yarinyar, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ga surutu kamar an kunna rediyo. Wata rana na sa su rubuta insha'i a kan gidansu. Ta so ta ce mamanta tana girki a kicin, sai ta rubuta kalmar Turanci ta kaza, don kalmomin biyu sun yi kama a kunne. Ya zama mamanta tana girki a cikin kaza. Ni kuma na tsaya gaban aji na karanta da ƙarfi, har da kwaikwayon muryarta. Aji ya fashe da dariya. Daga ranar sunanta ya koma Cikin Kaza, daga ranar kuma ban sake jin muryarta ba, zango guda cur. Na ɗauka ma nasara na yi, tunda allo ya daina zuwa wuyanta. Jarrabawa ta zo, ta faɗi Turanci warwas.

Ana jibi za mu tashi, Iya Sikira, wato uwar Sikira, ta yi sallama gidana da la'asar. Hausarta irin ta wanda ya zo Kano da girmansa ce, mace da namiji duk "ka" ne da "ya". Ta ce yarinya ta rantse ba za ta koma makaranta ba. An yi lallashi, an yi faɗa, duk a banza. Babanta kuma ya ce in hutu ya ƙare ba ta sauya ra'ayi ba, a bar ta ta zauna a shago, shi ba zai ɗaure ta ya kai ta ba. Ba ta zarge ni ba, ba na jin ma ta san abin da ya faru. Shawara ta zo nema wurin malamar 'yarta. Na ce ta bari in dawo. Na faɗa ne kawai don in sami abin faɗa, amma maganar ta bi ni har tasha.

Jirgin ƙasa muka bi zuwa Legas, don maigidana ya ce hankalinsa bai kwanta da dogayen motocin Sabon Gari ba. Shi ya kai mu tasha, yana ta jaddada mana mu riƙe fasfo da katin rigakafi a jikinmu kada mu sa a jaka, kamar yaran da za su makarantar kwana. Laraba ta zo da kilishi da dambun nama da kwalbar yaji. Ni na zo da littattafan nahawu uku, waɗanda har muka dawo ban buɗe ko ɗaya ba.

Taragonmu majalisa ce guda. Tun kafin mu kai Zariya aka raba jam'iyya, ana musun ko sojoji za su bari damina ta wuce kafin su dawo. Wani dattijo mai rediyo manne a kunne ya ce shi wannan ne karo na uku da yake ganin farar hula, kuma na baya duk da badujala aka tashe shi da safe. Wata mai goyo ta ce ita dai in za a bar ta ta yi magana ba sai ta waiwaya ba, ya ishe ta. Laraba ta zungure ni da gwiwar hannu, wai in saurara, 'yan aji uku ma abin da suke nema ke nan. Na harare ta, na ce ta ci kilishinta.

Bayan Jebba ruwan sama ya kwantar da wata babbar bishiya a kan layin dogo, muka yi rabin yini a daji ana sara. Ban san ta ina suka ji labari ba, sai ga matan ƙauye sun fito da dafaffiyar masara da gyaɗa da doya, wuri ya zama kasuwa. Da azahar ta yi, Laraba ce ta kare ni da zaninta na yi alwala, ta riƙe mini jaka na yi salla, tana korar wani akuya da ya nace sai ya ɗanɗana sallayata. Kwana biyu muka yi kafin mu ga Legas, ƙafafuna sun kumbura kamar burodi. Legas kuwa ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Mun kwana gidan ƙanwar Laraba, da safe muka shiga wata fijo mai ɗaukar mutum bakwai da za ta kai mu Ghana kai tsaye, ta ƙasar Benin da Togo.

A ɓangarenmu na iyaka ban sami matsala ba. Turanci ake yi, har ina gyara wa jami'in nahawunsa a zuciyata. Taku kaɗan muka yi muka shiga Benin, sai duniya ta juye. Wani jami'i mai 'yar ƙaramar hula ya karɓi fasfona ya yi mini tambaya da Faransanci. Na ɗauka sunana yake nema, tunda da shi ake farawa a ko'ina, na ce Binta. Ya sake tambaya. Na ɗaga murya yadda nake yi wa yaran da ba su gane ba, na ce Binta. Ashe tambayata yake ina za ni. Sai ya juya wajen layi, ya ɗaga fasfona sama, ya sanar da jama'a cewa ga wata madam za ta wani gari wai shi Bintabil, ko akwai wanda ya san hanya. Har da kwaikwayon muryata. Kun san garuruwansu da yawa da "bil" suke ƙarewa, kamar Malanbil. Layi ya kwashe da dariya. Ni ban san me aka ce ba sai daga baya da aka fassara mini, na dai san da ni ake.

Ba mugu ba ne, da murmushinsa ya buga mini hatimi. Amma da muka koma mota direba ya ce Madam Bintabil ta gyara zama, 'yan mota suka sake dariya, sai na ji bakina ya rufe. Muka ratsa Kwatano, ga 'yan acaɓa da riguna ruwan ɗorawa kamar ƙudan zuma, ga mata da goyo suna tuƙa babur da kansu, abin da ban taɓa gani a Kano ba. A da, da na yi ta sharhi. Ban ce uffan ba. Ruwanmu ya ƙare, masu talla suna zuwa har taga, na kasa kiran ko ɗaya. Wani uzurin ma da ba a rubutawa a takarda ya matse ni, na gwammace in daure. Direban yana jin Turanci sarai, ba harshe ne ya hana ni ba. Tsoro nake in buɗe baki a sake samun abin dariya.

Mun shiga Togo, teku tana hannunmu na hagu, Laraba ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko na san awa nawa ke nan ban yi magana ba. Na girgiza kai.

"Uku," in ji ta. "Na duba agogo. Sikira wata uku ta yi."

Haushinta na fara ji, har na juya mata baya. Bayansa kunya ta zo, sannan wani baƙin ciki mai nauyi ya zauna mini a ƙirji. Ni babba ce, ina da digiri, mutanen da suka yi mini dariya ba zan sake ganinsu ba. Ita kuwa shekararta goma sha huɗu, kullum da safe sai ta koma ta zauna cikin waɗanda suka yi mata dariyar, wadda ta fara kuma tana tsaye a gaban allo.

Wadda ta cece ni wata mata ce da ke kujerar gaba, Hajiya Memuna, mai fataucin atamfa, ƙatuwa mai dariya da dukan jikinta. 'Yar Zangon Ankara ce, kakanninta daga Katsina suka bi goro suka zauna a can. Ta lura da ni ta madubi. A Lome ta sa direba ya tsaya, ta ja hannuna ta kai ni bayan wani gida na yi abin da ya dame ni, sannan ta saya mini ruwan sanyi a leda.

"Malama, ka sha ruwa, kar ka damu da su," ta ce. "Ni ma ranar da na fara zuwa Kano sun yi mini dariya a Kurmi, wai Hausana ya lalace. Na ce su ɗaure mini kayana, dariyan su riƙe."

Kunnena na malama ya kama kuskure uku a maganar nan kafin ta rufe baki. Amma ban taɓa jin Hausar da ta sanyaya mini rai kamarta ba.

Da muka ƙetara iyakar Ghana Turanci ya dawo, bakina ma ya dawo da shi. Turancinsu a hankali yake, kuma komai sai sun sa masa "don Allah" a gaba, Laraba ta ce ko zaginka za su yi sai sun nemi izini. A wani ƙauye muka tarar da taro, ga rumfuna, ga kiɗa, mata da baƙaƙe da jajayen zannuwa suna ta rawa. Laraba ta fara girgiza kafaɗa a mota tana cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Hajiya Memuna ta yi dariya har da hawaye, ta ce jana'iza ce. A can in tsoho ya mutu da kiɗa ake raka shi, gawa kan yi makonni ana shirin taro. Na tuna yadda mu kafin maƙwabta su gama ji an riga an dawo daga maƙabarta.

Sai washegari za a buɗe taro, Hajiya kuwa ta ce wallahi ba za mu kwana a otal ba tana raye. Zangon Ankara ya ba ni mamaki. Kiran salla, ƙamshin ƙosai, tsofaffi da carbi a bakin masallaci, ka rantse bayan layinmu ne a Fagge, sai yaro ya buɗe baki ka ji Hausa ta haɗu da yaren Ashanti. Ta yi ta cika baki cewa da safe za ta ba mu wani abincin Ghana da ba mu taɓa ci ba, wai shi wace. Aka kawo. Shinkafa da wake ce, an dafa da karan dafi ta yi ja, an ɗora mata taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Na ce Hajiya, ai wannan garau-garau ce ta zo Ghana ta yi arziki. Dokunu ne dai ya gagare ni, wani tuwon masara mai tsami naɗe cikin ganye. Laraba ta cinye nata da nawa.

A kwaleji aka ba mu ɗakin kwanan ɗalibai, gado mai hawa biyu, muka yi musun wa zai hau sama, na ci nasara da hujjar kumburin ƙafa. Mu kusan arba'in ne, daga Saliyo da Gambiya da Laberiya da Ghana da Nijeriya. Mai jagorantar taron wata 'yar tsamurmurar dattijuwa ce, Madam Akosuwa, gashinta fari an aske shi ƙasa-ƙasa kamar na namiji.

Ranar farko ta raba mana rubutun wata ɗaliba, sakin layi ɗaya cike da kwaɓa, ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Nan fa aka zo fagena. Na tsinto kuskure ashirin da uku, babu wanda ya kamo ni, na zauna ina jiran yabo. Ta bari muka gama, sannan ta tambaya ko akwai wanda ya lura yarinyar ta ce babanta yana kwance asibiti. Na sake dubawa, ga shi nan a layi na huɗu. Na ma ja layi a ƙarƙashin jimlar, don ba ta sa wa aikatau wutsiyarsa ba.

Daga nan ta shiga bayani. Ta ce masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken abin da ke lalacewa a mutum, yanzu wasu cikinsu sun fara tambayar abin da ke sa mutum ya tsaya da ƙafarsa ya ji daɗin rayuwa, don a ƙarfafa shi. Ta ce babu ajin da ya fi bukatar wannan kamar ajin harshe, don a lissafi yaro zai iya ɓoye kuskurensa a littafi, a Turanci kuwa duk buɗe baki tsirara ce, kuma tsoro da koyo ba sa zama a ciki ɗaya. Ba ta ce a daina gyara ba. Ta ce a gyara a gefe, ba a gaban jama'a ba, kuma kafin malami ya faɗi abin da ya karkace ya fara gano abin da yaro ya iya, ya ambace shi da sunansa. Ta nuna mana wani ɗan littafi da ɗalibanta ke riƙewa, duk ƙarshen mako kowa ya rubuta abubuwa uku masu daɗi da suka same shi, da Turanci, kuma wannan littafin ba a gyara shi, amsawa kawai ake yi.

Ban iya yin shiru ba. Rana ta uku na ɗaga hannu na ce wannan duk ya yi kyau a takarda, amma a garinmu ba a yabon yaro a kan idonsa. Uwa ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta ce yana da ƙoƙari. In baƙo ya ce yarinya tana da kaifin ƙwaƙwalwa, uwar sai gabanta ya faɗi, tana tsoron kambun baka, wato bakin mutane ya kama yarinyar abin ya lalace. Ban da haka ana gudun kai ya kumbura. Wani malami daga Gambiya ya gyaɗa kai, ya ce su ma haka ne.

Madam Akosuwa ba ta yi musu ba. Ta tambaye ni, to in mun ga abin kirkin da ba za mu iya haɗiyewa ba, me muke cewa. Na ce sai mu ce tubarkalla, mu mayar da abin ga Allah, daga nan baki ba ya kamawa. Ta miƙo mini alli ta sa na rubuta kalmar a allo, ɗaki duka suka maimaita.

"To ai maganin yana gidanku," ta ce. "Ku yaba, ku ce tubarkalla."

Daga ranar kalmar ta shiga taro. In miya ta yi daɗi tubarkalla, in wani ya gama jawabi tubarkalla, wata 'yar Laberiya har wa takalmina ta yi. Ni kuma na zama malamar tubarkalla, ina zagayawa ina gyara musu furuci, kai ya kumbura daidai gwargwado.

Ana gobe za a rufe taro Madam Akosuwa ta sauke mini girman kan. Ta ce kowa ya rubuta sunan ɗalibin da ya fi damunsa, a ƙarƙashi ya jera abubuwa uku da yaron ya iya. Na rubuta Sikira. Da kura-kuranta aka ce, da na cika shafi biyu ba tare da tunani ba. Abin da ta iya kuwa na nema na rasa. Shekara guda tana zaune gabana. Kowa yana rubutu, ni ina kallon farar takarda, idona ya fara zafi. Madam ta zo wucewa ta tsaya a kaina.

"Ba wai ba ta da su ba ne," ta ce a hankali. "Ba ki je inda take ajiye su ba. Ki neme ta a wurin da ba ta jin tsoro."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A iyakar Benin tun kafin jami'i ya gama tambaya na ce Nijeriya, ashe wannan karon sunana yake nema, Laraba ta yi dariya har ta zauna a kan jakarta, ni ma na taya ta. Daga Legas muka saɓa wa maigida muka shiga doguwar mota, don saura kwana biyar a koma makaranta.

Washegarin isowarmu Kano da hantsi na shiga Kasuwar Sabon Gari, na ce kwanon sha na zo saya. Iya Sikira ta kifa mini bokiti na zauna. Sikira ta durƙusa ta gaishe ni da laɓɓa kawai, ta zame bayan tulin robobi. Can uwar ta tafi karɓo kaya a wani layi, masu saye suka fara zuwa, dole yarinya ta fito.

Wata Hajiya ta zo neman saitin kwanukan jere, Sikira ta tsokane ta da Hausar Kano tsantsa har Hajiya ta ce wannan 'ya da baki take, ta ɗauki saiti biyu. Maƙwabciyar shago ta leƙo, suka yi Yarbanci. Wani Inyamuri ya zo neman baho, ta gaishe shi da yarensa, suka ƙarasa da Burokin, Turancin nan na kasuwa. Ta manta da ni sarai. Sannan wata Ba'indiya ta tsaya, ba Hausa ba Burokin, tana neman wata irin tukunya ta turara abinci, ta zagaya shaguna an kasa gane ta. Sikira ta saurare ta, ta yi mata tambaya biyu da Turanci, karyayye amma Turanci, ta ɗauko tukunya da madambaci ta haɗa su ta nuna mata yadda tururi zai hau. Matar ta tafa hannu. Harshe huɗu da rabi cikin awa ɗaya, a bakin yarinyar da na rubuta wa "ba ta da ƙoƙari" a katin sakamako.

Da uwar ta dawo na kasa riƙe kaina. Na ce Iya, kin san abin da kike da shi kuwa? Na ce ni da digirina an tambaye ni ina za ni na kasa amsawa, 'yarta kuwa ta sallami ƙabila huɗu ina zaune. Na ce tana da kunne, tana da wayo, ba ta tsoron baƙo, irinta ake nema a koya wa harshe. Ina ta zubawa, sai na ga fuskar Iya tana canzawa. Ta ajiye kayan hannunta, ta yi tofi gefe da gefe.

"Malama, ka ce tubarkalla mana. Kana so baki ya kama mini yaro?"

Ni da na koya wa ƙasa biyar kalmar nan, ni ce na manta da ita a Sabon Gari. Sai na ji wata 'yar dariya ta kufce daga bayan robobi. Na ce tubarkalla sau uku, Iya ta sa na ƙara da masha Allah. Tunda dariya ta samu, na ba su labarin Bintabil tun daga farko, har da kwaikwayon jami'in, Iya tana riƙe ciki. Da na kai wurin awa ukun da na yi ban yi magana ba, Sikira ta daina dariya, ta ɗago ta dube ni.

Ban shirya abin da ya biyo baya ba, kuma ban taɓa jin malama ta faɗa wa ɗaliba shi ba. Na ce, "Sikira, abin da na yi miki ranar insha'in nan ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

Iya ta dube ni, ta dubi 'yarta, ba ta gane kan zancen ba, ba ta kuma tambaya ba. Sikira ta sunkuyar da kai tana goge wani kwano da ba shi da ƙura. Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban tambaye ta ba. Na ɗauki kwanon shan da ba na bukata na tafi.

Litinin aka koma. Na ba maigadi allon banakula ya hura wutar shayinsa, na gargaɗi aji cewa duk wadda na sake jin sunan kaza a bakinta za ta gamu da ni, don hali ba ya sauyawa a mako guda. Kujerar Sikira babu kowa. Talata ma haka, na koma gida na fara fid da rai. Laraba da safe, ranar ba matar ba, an fara darasi sai ga ta a bakin ƙofa da jakarta. Na ce ta shigo, na ci gaba da darasi. Ta wuce can baya ta zauna, har aka tashi ba ta yi magana ba.

A ranar na raba musu ƙananan littattafai na yi musu bayanin abubuwa uku masu daɗi. Juma'a na karɓa, na kai ɗakin malamai, kuma ba zan ɓoye muku ba, nata na fara nema. Na farko ta ce ruwan sama bai shiga shagonsu ba. Na biyu ta ce mamanta ta yi amala da miyar wake. Na uku ta ce malamarta ta ba ta haƙuri a kasuwa, mamanta tana ji.

Kuskure huɗu ne a jimlar, na gan su duka, ban taɓa ko ɗaya ba. Hawaye suka zo mini a nan, gaban kowa. Misis Laraba ta leƙo ta karanta, ta jawo kujerarta kusa da tawa ta zauna.